Yaron da Nake Cewa a Wuce

Da yayar mai gidana ta rasu a unguwar Bulpiela, aka raba kayanta bayan addu'ar arba'in, abin da ya zo hannuna wata tsohuwar kwalla ce mai murfi. 'Ya'yanta suka ce tun tana da rai ta ce ni za a ba. Na buɗe na tarar hotuna ne cike, wasu sun manne da juna, wasu gara ta fara ci ta gefe. Na mayar da murfin na tura ta ƙarƙashin gado. Damina biyu ta yi a wurin.

Marigayiyar ita ta riƙe mini ɗana na fari. A zamaninmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ana yaye shi dangin uba su ɗauka. Ba kya kiran sunansa, ba kya goya shi a gaban mutane, in ya faɗi kina tsaye sai wata ta ɗaga shi. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, haka ni ma na yi. Yaran yanzu suna son in ce musu daidai ne ko kuskure ne. Ni dai abin da aka yi nake faɗa.

Mu muna unguwar Zogbeli, shi yana Bulpiela, duk gari ɗaya. Ina sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidanmu, ciniki kuma yana tafiya. Shekarar da aka sa shi makaranta na kwashe teburina na koma bakin hanyar da 'yan unguwarsu ke bi da safe. Na ce wa mai gidana can an fi ciniki. Ba a fi ba. Shi ma ya sani, ya ƙyale ni, Allah ya jiƙansa. Idan yaran suka tsaya saye, kowa sai in ƙara masa ƙosai ɗaya, su shida ko bakwai, don dai ɗayan nan ya samu ba tare da an ce na fifita shi ba. Har ya kai shekara bakwai mai koko yake ce mini.

Ya girma ya koyi ɗinki, ya tafi Kumasi, ya yi aure a can, aka haifa masa 'ya mace. Tana da shekara biyu ya yi ciwon kwana huɗu ya rasu. Na je zaman makoki. Ban yi kuka a gaban jama'a ba, na shiga madafa na kama tuƙin tuwon baƙi. Matarsa ta gani, ta riƙe abin a ranta, kuma ban ga laifinta ba. Ta sake aure, yarinyar ta tashi cikin dangin uwarta. Da Sallah takan kira ta gaishe ni, gaisuwar da ba ta wuce ta ɗan haya da mai gida ba.

Bara ne, cikinta na fari ya tsufa, ta kira autata. Autar nan tawa ta haura arba'in, sakatariya ce a wani ofishin gwamnati, kuma ba ta iya amsa waya sai ta buɗe murya kowa ya ji. Ina zaune ina tsince ganyen ayoyo na miya na ji yarinyar tana cewa, "Gwaggo, ko akwai hoton babana yana yaro? Wanda ke wurina na katin aiki ne, ya dushe. Ina so in sa a ɗaki kafin in sauka. Ke na tambaya, don Kaka ko sunansa ban taɓa ji a bakinta ba. Ban sani ba ma ko tana tuna kamanninsa."

Auta ta yi sauri ta rage muryar, amma maganar ta riga ta iso. Na gama tsince ganyena, na wanke hannu, na shiga ɗaki na jawo kwallar na dire mata a gaba.

Ta kai hotunan wani shago inda ake ɗaukar su a zuba cikin kwamfuta. Ranar Asabar ta sauko daga keken haya mai ƙafa uku da muke ce wa yalo-yalo, da kwamfutarta a jaka, muka zauna a baranda inda hasken rana ba ya kashe gilashin kwamfutar. Hoto ɗari biyu da wani abu, ƙanana-ƙanana, a jere.

"Mma, kin ga kowanne lamba ce sunansa," in ji ta. "Ni rabin mutanen nan ban san su ba. In babu ke, shi ke nan sun zama baƙi."

"Ina za ni?"

"Ba inda za ki. Zauna dai ki gani."

Ta ɗora 'yar kibiyar a kan wani hoto, ta danna ta gefen dama, rubutu ya sauko a jere, ta zaɓi na can ƙasa. Wani ɗan akwati ya buɗe mai layi-layi. Ta ce wannan kamar bayan hoton takarda ne, inda mutane ke rubutu da biro, sai dai shi ba ya gogewa kuma gara ba ta cinsa. Akwai layin da ake sa wa hoton take, akwai na dogon bayani, akwai kuma wani da ta ce a ofis suna ce masa tag. Ta yi ta kewaye-kewaye wajen fahimtar da ni: kalma ce gajera, a sa iri ɗaya a kan duk hotunan da suka haɗa abu ɗaya, ranar da ake nemansu a rubuta kalmar, su taru da kansu.

Na ce, "Kwanonina na biki, me ke gindinsu?"

"Jan fenti, ɗigo uku."

"In an gama biki an tara kwano ɗari, yaya nake gane nawa?"

Ta yi dariya.

"To ki ce shaida mana, kike ta wahalar da ni."

Daga ranar shaida muke ce masa. Ni ban iya karatu ba, ko baƙi ɗaya, amma ban yarda da abu don an ce mini kawai ba. Bayan mun yi hoto ashirin na ce ta kira mini na Sallah in gani. Ta rubuta, suka taru, biyar. Na ce shida ne, akwai wanda marigayiya ta ɗaura ɗankwali mai ratsi. Ta duba, ashe ta rubuta shaidar ta rufe akwatin ba ta danna wurin da ke riƙe rubutun ba.

"Na'urar ba ta yi ƙarya ba," na ce. "Ke ce mai garaje, tun kina ƙarama."

Asabar huɗu muka yi. Ta buɗe hoto, in faɗi waye da waye, gidan wa, wane biki, ita tana bugawa. Ni kaina na yi mamakin abin da ke ajiye a kaina. Wannan 'yar mai fura ce ta bayan masallaci. Wannan Badagombiyar nan ce mai man kaɗanya da ta koya wa marigayiya dafa wasawasa, abincin nan nasu na garin doya. Wannan sunan 'yan biyu ne, ranar da rumfa ta faɗo wa masu kiɗa. A wani hoton na ce zanen da ke jikin wance na aro ne, kuma ba ta mayar ba.

"Mma, ba sai an rubuta wannan ba."

"Ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ba. Amma bayanin nan yana manne da hoton, duk inda aka kai shi yana biye. Jikokinta suna nan a gari."

Na ce ta goge, ta koma baya ta goge wasu biyu da na faɗa a makon da ya wuce. Abin da za a karanta bayan ba na nan, gara ya zama wanda zan iya faɗa a gaban mai shi.

Inda aka samu matsala wajen yara ne. Idan ta buɗe hoton da ɗana ke ciki, ina faɗin sunan kowa, in aka zo kansa ta ce, "Wannan fa?" sai in ce, "Wuce." Ba ta ja da ni ba. Ta san ni. Ta rubuta abin da za ta rubuta ta wuce. Amma akwai wani yaron da shi ma nake cewa a wuce, ɗan marigayiya na cikinta, wanda aka sa wa sunan mai gidana. Sunan miji ba ya fita bakina, ko a jikin wa yake. Yaran biyu wata biyar ne tsakaninsu, tabarma ɗaya suka kwana, aski ɗaya ake musu, tela ɗaya ke musu kayan Sallah, kuma dukansu sun ɗauko goshin gidan. Auta kuwa an haife ta yayanta ya riga ya fara gemu. Ba ta san shi yana yaro ba. Ni kuma ban tambayi me take bugawa ba in na ce a wuce.

Asabar ta ƙarshe ta ce, "Bari in nuna miki abin da za mu aika." Ta rubuta sunansa, hotuna suka taru, goma sha tara. Ta buɗe ɗaya ya cika gilashin: yaro cikin sabuwar fugu, rigar saƙin nan ta ƙasarmu, yana zaune a kan kujerar mai hoto, bayansa labule mai zanen bene, yana murmushi haƙora a waje.

"Wannan za ta wanke babba, na san shi za ta zaɓa," in ji auta. " Dubi Yaya, kamar ɗan sarki."

Ba shi ba ne. Ɗan marigayiya ne, wanda yake nan da ransa yana sayar da kayan babur a kasuwa, da tumbinsa da surutunsa. Na bi sauran da ido. Bakwai cikin sha taran ba ɗana a ciki ko kaɗan.

Ban gyara mata ba. In na ce ba shi ba ne, sai an tambaye ni yaya aka yi na sani, kuma fiye da shekara hamsin ina nuna wa duniya ban kalle shi ba. Auta ta rufe kwamfutarta, ta ce ran Litinin za ta bi motar Kumasi, don yarinyar ta riga ta sauka, namiji, suna ran Laraba. Ta tafi. Na share baranda duk da a share take.

Na kwana da abin. Yarinyar da ba ta san ubanta ba za ta rataye fuskar wani a ɗakinta, ta riƙa nuna wa ɗanta tana cewa ga kakanka. Wata rana mai kayan babur ya je Kumasi sarin kaya, ya biya gaisuwa, ya ga kansa a bango. Ko kuma kada ya je, abin ya zauna haka har abada, wanda ya fi muni. Kuma ba wanda ya rage a duniya da zai iya raba yaran nan biyu sai ni.

Da hantsi ran Lahadi na yafa mayafi na tare yalo-yalo. Gidan auren auta sau uku na taɓa shiga, duk ranar suna. Mijinta yana wanke babur a ƙofa, ya gan ni ya durƙusa da soso a hannu, kumfa na zuba masa a ƙafa.

"Hajiya, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ci gaba da aikinka."

Auta ta fito da ludayi a hannu. Na ce ta ajiye ludayin ta ɗauko na'urarta ta kira mini hotunan jiya. Ta kira. Na sa yatsa a kan mai fugu, har man hannuna ya ɓata gilashin.

"Wannan ba shi ba ne. Cire masa shaidar. Da wannan, da wannan." Na nuna bakwai ɗin.

"Mma, ai duk kin ce a wuce."

"Wucewa biyu ce. Wannan mai sunan ubanki ne."

Ta dafe baki. "To wanda suke su biyu a ciki fa? Na ɗauka ɗayan kin manta shi ne."

"Ni na manta? Na faɗa miki sunan akuyar maƙwabta, in manta ɗan gida?"

Ta tattara bakwai ɗin a haɗe, ta buɗe akwatin nan sau ɗaya, ta goge sunan yayanta ta sa na mai shi. Sannan ta buɗo wanda suke tsaye su biyu a gindin bishiyar mangwaro, riga iri ɗaya, tsawo ɗaya. Ta ce a hankali, "A nan wanne ne?"

Da a ce zan iya cewa ta cire na hagu, da na ce. Amma hoto ba a cire rabinsa. Na sa yatsa a kan na dama.

"Wannan nawa ne."

Ban taɓa faɗa ba, ko ga ubansa. Auta ba ta dube ni ba, kuma na gode mata da hakan har yau. Idonta na kan gilashi, hannunta a kan maɓallai, ta ce kamar wani aiki na ofis, "Ta yaya za a gane? Sai na rubuta, don ita ma kada ta rikice."

Na ce ta dubi kunnensa na hagu, samansa a ɗan naɗe yake, haka aka haife shi. Ta dubi hannunsa, kullum yana ɓoye babban yatsa cikin dunƙule in an sa shi tsayuwa. Ɗayan yana kallon mai hoto, shi kuwa ƙasa-ƙasa yake kallo. Tana bugawa. Daga nan bakin ya buɗe, ban san yadda aka yi ba. Rigar nan maɓallinta na uku da baƙin zare aka ɗinka, ni na ɗinka, ranar da ya tsinke a gaban teburina, na ce masa marigayiya za ta yi faɗa in ta gani. Wannan bayan ya tashi daga ƙyanda ne, shi ya sa wuyansa ya zama kamar na kaza; kwana tara ina aika romon zabo a ce daga maƙwabta ne. Wannan ranar saukarsa ce, ina bayan katangar makarantar tare da masu tuya. Wannan keken ba nasa ba ne, na malaminsu ne, minti biyu aka ba shi ya riƙe.

Sha biyu muka yi, har miyar auta ta kama. Babu mai kyau a cikinsu kamar na mai fugu. A yawancinsu yana gefe, a ɗaya ma rabin fuskarsa ta shiga inuwa.

Na ce ta tura mata ta waya mu huta. Ta ce a'a, in aka bi ta hanyar da ake tura hotunan gaisuwa, hoton yana isa amma bayanin yana zubewa a hanya. Ta zuba su cikin ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a gefen kwamfuta, ta ƙulle a bakin ɗankwali yadda na sa ta. Ni ban je sunan ba, ƙafata ba ta ɗaukar zaman mota. Auta ta dawo ta ce an sa wa jaririn sunan kakansa, ta kuma nuna wa mijin yarinyar inda zai danna bayanin ya fito.

Wata uku ba labari. Ban tambaya ba. Sai wata Juma'a da la'asar na ji sallama da Hausar nan ta mutanen Kumasi gauraye da Tonanci, yaren mutanen can. Yarinyar ce ta shigo da goyo, doguwa, auta na biye da jaka. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce ta gyara wa yaron wuya, ta karkatar masa da kai kamar buhun gari.

"Kaka, tun ban zauna ba?"

"In kin zauna wuyan zai miƙe da kansa?"

Ta yi dariya ta kwance shi. Bayan ta ci tuwo ta ce wanda rabin fuskarsa ke cikin inuwa ta wanke babba, don a nan kunnen ya fi fitowa. Ta ce ta karanta sha biyun duka, ta kuma kai wa uwarta ta karanta mata. Bayan kwana biyu uwar ta fito da hotuna shida da ta ɓoye tun aurensu, ta zauna ta faɗi bayanin kowanne, mijin yarinyar ya buga a bayansu yadda ya ga an yi wa namu.

Yarinyar ta ce, "Uwata ta ce a kawo miki. Ta ce ke kin san farkonsa, ita ta san ƙarshensa."

Auta ta soka ƙarfen da yarinyar ta zo da shi a kwamfuta. Ga shi babban mutum a shagonsa, tef ɗin awo a wuya. Yarinyar ta buɗe akwatin da kanta tana karanta mini. Ashe da hagu yake riƙe almakashi, sai da aka yi masa nasa daban. Ashe yana tsoron allurar asibiti, shi da ke wuni da allura a hannu. Ashe ba ya karɓar ɗinkin Sallah in ya san ba zai gama ba, abokan sana'a suna yi masa tsiya a kan haka. A na ƙarshe yana tsaye da wasu maza uku a bakin shago, kansa a baya, bakinsa a buɗe. Bayanin ya ce idan ya yi dariya har layi na biyu ana ji, mai shagon kusa yakan buga bango ya ce a rage.

Ni ban taɓa jin dariyarsa ba. A gabana kansa a sunkuye yake, ya gaishe ni ya tashi. Ban san yana da ita ba.

Na ce ta sake karanta wannan. Ta karanta. Na ce ta ƙara.

Ina gode wa Allah da ya bar ni da ido da hankali har na kai wannan rana. Ina gode wa marigayiya, da ta riƙe shi riƙon da ba a taɓa kawo mini ƙara ba, ta kuma tara hotunan nan shekara da shekaru ta san wa take tara wa. Ina gode wa matarsa, da ba na bin ta alheri amma ta aiko. Wanda kuma ya yi tunanin barin fili a bayan hoton na'ura don a rubuta magana, ban san shi ba, ban san garinsu ba, Allah ya saka masa.

Yarinyar kwana biyar ta yi mana. Ranar da za ta koma na sa auta ta haɗa shidan da sha biyun wuri ɗaya, na tsaya a kanta har ta kira su suka fito, na ƙirga da yatsa, sha takwas cif, sannan na bar su suka tafi tasha.